Ledar da Na Ɓare a Ƙofar Gidanmu

Mashin ɗin Baba ya daɗe a jingine a rumfar awaki, a gidanmu na Gwarzo, kafin ya ce in ɗauka. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ba wanda ya ƙara tayar da shi. Tayoyin sun sace, kaji sun mai da kujerar wurin kwana. An yi wa yayana tayi, shi ne babba kuma shi ke zaune a gida da iyalinsa, ya ce ba zai zuba wahalarsa a gwangwani ba. Ni kuwa ina Kano, aikina liƙa wa wayoyi gilashi da sitika a kasuwar waya, kullum a bakin titi ina jiran adaidaita. Wata ranar da na je duba Baba, lokacin maganarsa tana ɗan fita, ya nuna rumfar da hannunsa mai lafiya ya ce, “Ɗauki, na ba ka.” Daga ni sai shi sai Inna a ɗakin. Ban nemi shaida ba, ko a raina abin bai zo ba.

A bayan akori-kura na kai shi Kano. Bakanike ya tashi injin, aka sa tayoyi da kujera da madubai. Saura tanki. Asalinsa ja ne, amma rana ta cinye shi, ga lotsawa a gefen hagu tun lokacin da Yaya ya faɗi da shi a hanyar Kutama da buhun taki. Na ce ai ni liƙi ne sana'ata, tanki kuwa waya ce ƙatuwa. Na sayo ledar nan mai gam da ake naɗe motoci da ita, shuɗiya mai duhu, marar sheƙi.

Ashe tanki ba waya ba ce. Waya a shafe take, shi kuwa ko'ina tudu da kwari. Na kwance shi daga jikin mashin, na juye man, fanalbita ya cike lotsawar, na bi da samfefa, na wanke da sabulu, na goge da sifirit har yatsuna suka yi fari. Na farko da na liƙa ya tattare kamar goshin tsoho, na yaga na yar. Na biyu iska ta shige ƙarƙashi. Sai na aro abin busar da gashi wurin mai askin layinmu, in an kawo wuta in hura wa ledar zafi ta yi laushi, in ja ta kaɗan-kaɗan, in bi da tsohon katin banki da na naɗe da ƙyalle ina korar iskar zuwa gefe. Wurin murfin mai ne ya fi ba ni wuya, sai da na yanke yatsa da reza. In wuta ta ɗauke sai in fitar da shi rana. Na yi murafun gefe, na yi ƙarfen saman taya. Ranar da na mayar da komai na tsaya ina kallo, wallahi ni kaina sai da na ji kunyar hawa da silifas.

Na more shi kuwa. Na daina makara a shago, har kai wa mutane wayoyinsu gida na fara yi.

Da ƙaramar Sallah na hau shi zuwa Gwarzo. Ba komai a raina sai Baba ya gani. Tun daga bakin layi ake ɗaga mini hannu ana cewa Allah ya sanya alheri, an yi sabon mashin. A wajenmu haka ake gane sabo: ledarsa tana jiki. Mutum zai sayi mashin ya shekara bai ɓare ledar kamfani ba, tana kaɗawa tana yagewa, shi dai a san dal ya saya. To ga ni da mashin a cikin leda daga kai har ƙasa. Ina ta cewa na Baba ne, ana dariya.

Baba yana kwance, bakin ya rufe gaba ɗaya a lokacin. Na turo mashin ɗin tsakar gida daidai ƙofar ɗakinsa, Inna ta ɗaga labule. Ya daɗe yana kallo. Ban san ko ya gane shi ba.

Washegari Baffa ya zo gaisuwar Sallah daga Dugabau, can wajen Kabo. Ƙanin Baba ne, kuma mai unguwa ne, ya saba a zauna a gabansa ya yanke magana. Bayan an gama gaishe-gaishe, an tambayi gida da gona da mutanen birni, sai ya ce a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, yana son ganina da Yaya. Maƙwabta biyu-uku suka matso, ba wanda ya kore su.

Yaya ne ya fara. Ya ce shi ba ya baƙin ciki da abin da Allah ya ba ni, amma yana son a tambaye ni ina mashin ɗin Baba. Ya ce na ɗauke shi da sunan gyara, na sayar, na ciko na sayo sabo, ban shawarci kowa ba, alhali mai abu yana raye.

Na ce Yaya, ga shi nan a gabanka.

Ya ce na Baba ja ne. Ya ce shi ya san mashin ɗin kamar tafin hannunsa, akwai lotsawa a tanki, shi ya yi ta. Na ce a duba lambar inji. Baffa ya tambayi takardu, aka ce gara ta cinye su tun tuni, mashin ɗin kuma bai taɓa sanin lamba a bayansa ba. Na yi bayanin ledar, na ce ba ta kamfani ba ce, ni na liƙa da hannuna. Wani maƙwabcinmu ya shafa tankin ya ce, “Yaro, ko makaho ya taɓa wannan ya san bai sha rana ba.” Aka yi dariya.

Baffa ya ce abin ai mai sauƙi ne. In leda ce, a ɓare a gani.

Na tsaya. Na san in na ɓare ba ta komuwa, wadda aka ja da zafi in ta tashi ta tashi ke nan. Na kuma san in ban ɓare ba, kafin la'asar duk unguwa ta ji na sayar da kayan ubana yana kwance. Na sa farce a gefen murfin mai, daidai inda na fi shan wuya, na ja. Rana ta riga ta gasa ta, sai ta biyo hannuna ba gardama. Jan fenti ya fito, ga tabon cikon fanalbita a gefen hagu.

 Na ɗauka Yaya zai ce wani abu, ko da a yi haƙuri ne. Baffa ya gyara zama ya ce, “To alhamdu lillahi, ka fita. Tunda na babanku ne, sai ya zauna a gida.”

Na ce Baffa, ai Baba ba ni shi ya yi kyauta. Ya ce kyautar marar lafiya ba a gina magana a kanta, kuma gida da majinyaci bai kamata a ce ba abin hawa ba, ko don asibiti. Na ce a tambayi Inna. Aka aika, ta ce ta ji sanda ya ba ni, amma ita ba ta son a yi rigima a cikin Sallah. Yaya ya ce to a shiga a tambayi Baban. Mutumin da ko ruwa sai an ɗaga kansa. Na ce a'a, kar a shiga. Na zaro makullin na ajiye a kan tabarma.

Da zan tafi Inna ta biyo ni zaure da ƙullin cincin, tana cewa in yi haƙuri, yayana ne, ni ina birni Allah zai ba ni wani. Na karɓa don kar ta yi kuka. A motar haya na koma Kano, mu huɗu a kujerar mutum uku, gam ɗin ledar bai gama fita daga farcena ba.

Har yau ba a taɓa ɗora Baba a mashin ɗin ba, ba ya iya zama ma. In za a kai shi asibiti mota ake nema, kuma ni ake kira in nemo. Yaya ne ke zuwa gonarsa ta Lakwaya da shi, da cin kasuwa a Kabo. Na ga mashin ɗin sau ɗaya a tasha, an ɗaure jarkoki da roba, robar ta yanka ledar murafun gefe, fetur ɗin 'yan bumburutu ya zubo ya ɗaga sauran ta tankin. Rabi ja, rabi shuɗi.

Kwanakin baya Yaya ya kira ni ina shago, waya a kunne, hannuna a kan gilashin wani. Ya gaishe ni sosai, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Sannan ya ce abokansa suna yi masa tsiya a kan tankin, in na tashi zuwa in taho da ragowar ledar in gyara inda na ɓata.

Na ce ta ƙare. Ya ce ba a sayarwa ne a Kano? Na ce ana sayarwa. Ina jin kukan awaki a bayansa. Na ce ya gaishe da Baba, na kashe.