Rayuwar Dakta Walida Abdulwahidu, Masaniyar Sarakunan da Ba Sa Shawara

Haihuwa

An haifi Walida a garin Gaya a shekarar 1982. Mahaifinta shi ne Malam Abdulwahidu, magatakardan kotu, mahaifiyarta kuwa Hajiya Zuhra.

Karatu da aure

Ta kammala digirin farko a fannin tarihi a Kano a 2005, a shekarar kuma aka ɗaura aurenta da Malam Yusha'u Ubale, malamin falsafa, wanda ya shahara wajen fafutukar ilimin mata. Shi ya hana ta ajiye karatu, shi ya nema mata tallafin gwamnati, shi ya zaɓi Malesiya, kuma sai da biza ta fito, a watan Satumba 2013, ya shaida mata.

Kuala Lumpur

Bincikenta na digirin digirgir ya shafi sarakunan Turai na ƙarni na sha takwas, waɗanda suka karanta littattafan masana falsafa, suka hana azabtar da fursunoni, suka buɗe makarantu, ba tare da sun rage ko ƙwayar zarra daga ikonsu ba. Ta fi mai da hankali kan Joseph na Biyu na Ostiriya, wanda ya kafa dubban dokoki domin amfanin talakawan da bai taɓa neman ra'ayinsu ba, sa'annan ya soke galibinsu a gadon mutuwa. Yusha'u ne ya gyara mata babin. Ta ce masa, "Baban Adnan, da kai aka ba sarautar nan, ai da ka wuce shi." Ya yi godiya.

Jinya

A 2022 aka gano tana da ciwon daji, ta roƙi a mayar da ita Gaya wurin mahaifiyarta. Yusha'u ya ƙi, ya kawo hujjar likitoci, da wutar lantarki, da makarantar yara, kuma babu ta yarwa a cikinsu. Ta ce, "Boleh," yadda mutanen Malesiya ke amsawa in sun amince, ba ta sake tayar da zancen ba.

Rasuwa

Ranar wata Litinin ya sauya ra'ayi, amma ya ga maslaharta ita ce kada a faɗa mata sai bayan gwajin Alhamis. Allah ya karɓi ranta ranar Laraba, 15 ga Maris 2023, aka yi mata sutura bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar Musulmi a Kuala Lumpur. Ta bar 'ya'ya biyu, Adnan da Mubina, da mijin da bai samu ya ce mata ta haɗa kaya za a tafi gida ba.