Ranar da Na Tuba Daga Kama da Innata

Ni tela ne a Ƙanƙara, kuma lokacin da abin nan ya faru ina saurayi mai rawar kai, in na buɗe baki a shago sai an yi dariya. Muna da 'yar ƙungiyar wasan barkwanci da muke ɗauka a waya. Wata rana wani abokina da ke karatu a Katsina ya turo mini tsohon fim ɗin barkwanci na mutanen Girka, baƙi da fari. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na gane komai. Maza na ta kurari, 'yan mata na leƙe ta taga, ga kuma wata dattijuwa mai baki da ke juya gidan gaba ɗaya, kowa na yin kamar bai sani ba. Ina ganinta na ce wallahi Innata ce. Tun rasuwar babanmu ita ta riƙe gonarmu ta Ketare, ita ke ciniki da dillalan hatsi har sai sun haɗa gumi.

Na tsara wasa a kan irin wannan mace. Babu uban da zai bar 'yarsa ta fito a waya, sai na ce ni zan yi. Na zare zanin Inna daga igiyar shanya ban tambaya ba, ashe ankon bikin ƙanwata ne, duk matan unguwa sun san shi. Muka ɗauki wasan muka sake shi, cikin kwana biyu ya kai Faskari, ya kai Sabuwa. Mata suna dariya suna tura wa juna. Maza kuwa suka ce na zama ɗan daudu, na mai da uwata abin ba'a. Masu kawo ɗinki suka ja baya. Na tuna wa wasu cewa su ma sun ɗaura zani da tashe suna yara, suka ce wai wannan daban.

Abin da ya fi damuna shi ne Inna ba ta ce mini uffan ba. Ni ne ɗanta na fari, kunyata take ji, ko sunana ba ta kira, amma don wauta na ɗauka fushi ne. Da kawuna ya kira ni zaure bayan la'asar, ya ce in tuba a gaban dattawa in ina son albarkar uwata, sai na durƙusa. Na ce sharrin Shaiɗan ne. Na ce kwaikwayon mace ƙasƙanci ne ga ɗa namiji. Na goge wasan suna kallo, aka shi mini albarka.

Na shiga gida ina tsammanin ta huce, ashe ta ji komai daga tsakar gida. Ranar ta ajiye kunyar, ta dube ni ido cikin ido. Ta ce sau uku ta kalli wasan a wayar maƙwabciya, ta yi dariya har da hawaye, don ba a taɓa nuna wahalar da ta sha a kanmu ba sai ranar. Ta ce ɗaurin zanin ne kawai ban iya ba. Amma yau ta ji da kunnenta ɗan da ta noma wa abinci yana cewa kama da ita ƙasƙanci ne. Ta juya ta ci gaba da tankaɗenta.

Ban yi nadamar ɗaura zani ba, kuma duk mai son kirana da wancan sunan ya kira, na daina jin zafinsa. Na karɓo wasan wurin abokina na sake sakinsa. Nadamata ɗaya ce, tuban nan da na yi don tsoron bakin maza. Ina jan kunnen 'yan'uwana samari, kafin ka durƙusa a gaban jama'a ka fara tambayar wanda aka ce ka ɓata wa. Masu kawo ɗinki sun dawo tuntuni, Inna ma ta ce ta yafe, amma har yau in na yi barkwanci a gidanmu kowa zai yi dariya ban da ita.