Malama Odessa, wadda ta riske ni a ƙofar gidan da ba nawa ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Odessa Trammell a nan Toledo, bayan jinyar wata biyu. Shekarunta sittin da takwas. Ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota a garejin da nake aiki 'yata Renita ta bugo waya ta faɗa mini. Na daɗe a wurin ban fito ba, har maigidana ya leƙo yana tambaya ko motar ce ta danne ni.

Malama Odessa, kin san ni da rubutu ba mu cika shiri ba. A aji tara na bar makaranta, tun ban gama sakandare ba, kuma ban ji labarin makarantar ta yi kukan rashina ba. Amma mutum irinki ba a barinsa ya tafi shiru, ko da mai maganar irina ne.

Wautata ce ta haɗa mu. Shekara bakwai ke nan, aka sallame ni daga aiki, bayan wata uku mai gidan haya ya fito mana da kaya. Ni da matata Yvette da Renita, tana 'yar shekara sha ɗaya, muka tare a ɗaki ɗaya a wani otal na bakin hanya, can wajen gari. A iya sanina, makaranta da adireshi take tafiya: in ba ka da takardar kuɗin wuta mai sunanka, ɗanka ba shi da kujera. Kuma na sha jin cewa idan hukuma ta gane ba ka da muhalli, 'ya'yanka take ɗaukewa.

Sai na yi dabara, irin ta masu aji tara. Kullum da sassafe in tuƙo Renita tafiyar minti arba'in zuwa tsohon gidanmu, in ɓoye mota a bayan layi, in tsaya da ita inda motar makaranta ta saba ɗaukarta. Ina sanye da rigar barci da silifa, riƙe da kofi, kamar wanda ya fito daga ɗakinsa yanzun nan. In ɗaga wa direba hannu. Har ganyen da ya zube a ƙofar gidan nakan kalla in girgiza kai, kamar mai niyyar sharewa. Mako bakwai ina wannan wasan. Abu ɗaya kawai na manta: allon neman ɗan haya da aka kafa a bayana, girmansa ya kusa kai ƙofa. Tun makon farko direban ya karanta shi, ya rasa yadda zai yi da ni, daga baya ya faɗa miki.

Wata safiyar Nuwamba, motar makaranta na tashi, kika fito daga taki motar, kika faɗi sunanki da cewa daga ofishin makarantu kike.

"Baban Renita, wannan rigar ba ta maganin sanyin nan," kika ce.

"Ai yanzu na fito daga ciki, Malama."

"To mu shiga mana, in ɗan ji ɗumi."

Na dubi ƙofar, na dube ki. "Uwargida ba ta yi shara ba tukuna."

"Haka ne. Ga alama har makullin ma ta canja."

Nan wasa ya ƙare mini. Abin da na iya tambaya kawai shi ne, "Za ku ɗauke mini ita?"

"In kai ta ina? Jikoki huɗu sun ishe ni," kika ce. "Rashin gida ba laifi ba ne, ba kuma sakaci da yaro ba ne. Zo ka ga."

Kika shimfiɗa takarda a kan murfin mota, kika karanta mini a hankali, ba tare da kin nuna kin lura cewa ni ba zan iya da sauri ba. Dokar ƙasa ce. Yaron da ba shi da tsayayyen wurin kwana, ko a otal yake, ko cikin mota, ko kan kujerar 'yan uwa, yana da haƙƙin ci gaba da zama a makarantarsa. Ofishin makarantu ne zai nemo motar da za ta kai shi. In sabuwar makaranta ce, a ranar za a karɓe shi, takardu su biyo baya. Karin kumallo da abincin rana kuma kyauta. Aikinki ke nan, sanar da mutane irina. Na tsaya ina tunanin man da na ƙona a kan abin da tun farko namu ne.

Kin yi abin da takardar ba ta ce ba. Kika shirya a fara ɗaukar Renita kafin kowa, a sauke ta bayan kowa, don kada wani yaro ya san daga otal take. Bayan motarki kullum cike yake da safa da sabulu da jakunkunan makaranta. Takardun dokar nan kuma, ba a ofis kike ajiye su ba. A shagunan wanki kike manna su, da layin rabon abinci na coci, da teburin masu otal, domin a cewarki iyayen da kike nema ba sa zuwa ofis da ƙafarsu. Duk sanda na yi godiya sai ki ce ba kyauta kika ba mu ba, abinmu kika miƙo mana.

Wata goma muka yi a ɗakin nan, Renita ba ta rasa rana ɗaya ba. A watan Yuni za ta gama sakandare, a makarantar da ta fara, cikin ƙawayen da ta fara da su.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, Mista Cleon Trammell, da 'ya'yanki Bernice da Lavonne, da jikokinki. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Ke kuwa Malama Odessa, Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki masauki na har abada wanda babu mai tashin ki daga ciki.

Saura abu ɗaya tsakaninmu. Sau uku bara kina roƙona in zo coci in yi wa iyaye magana. Kika ce idan ke kika faɗa, katin aikin da ke wuyanki suke kallo, ni kuwa za su yarda da ni. Sau uku ina zillewa: yau ciwon baya, gobe aiki ya yi yawa. Kunya ce, kuma kin sani, ba ki taɓa faɗa ba. Ga shi a garejinmu akwai Lonnie, mai 'ya'ya biyu. Mako uku ke nan ina ganin bargo da matasai a kujerar bayan motarsa, yana goge haƙori a bayin gareji. Ran Juma'a ya ce mini zai ɗan cire yaran daga makaranta sai abubuwa sun daidaita. Na ce to, na ci gaba da ɗaure ƙusa. Ran Litinin, kafin mu ɗaga murfin mota ko ɗaya, zan ja shi gefe. Da labarina zan fara.