Firjin Ba'amurke a Ɗakin Baƙina

Ni ne na yi laifi, kuma ba laifin rashin sani ba ne. Mutum ya tsaya a ƙofar gidana ranar da faɗa ya shigo cikin garin Injamena, ya roƙe ni wurin fakewa, na ce masa babu wuri, alhali akwai. Yanzu na tsufa, na bar wa 'ya'yana fawa, ina so in rubuta yadda abin ya faru tun da sauran ƙarfin idona. Karatuna bai wuce na allo da 'yan shekaru a lakol, wato makarantar boko, ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ni mahauci ne, haifaffen unguwar Ambasatna. A shekarun da zan ba da labarinsu yaƙi ya daɗe da farawa, amma can arewa yake, a rediyo muke jin sa. Garinmu lafiya lau. Da sassafe mu karɓo nama daga mayanka, kafin azahar tebur ya koma wayam. Da la'asar in wanke jiki, in sa farar jallabiya, in gangara bakin kogin Shari inda masunta ke jawo jirage. A can ake dafa shayi mai kauri, a yi hira da Larabci, a juya Hausa, wanda ya yi lakol ya jefa Faransanci. Har yau in na ji ƙanshin bandar kifi sai in tuna iskar da ke tasowa da yamma daga Waliya, unguwar da ke hayin kogi, da matan da ke tsallakowa da kwanduna a ka. Ban ƙara samun kwanciyar rai irin ta lokacin ba.

Ina da masu sayen nama Turawa biyu. Na farko Ba'amurke ne, yana aiki da wani ofishi mai haƙa rijiyoyi. Gidansa yana unguwar Turawa, yana da kuku da mai gadi da direba, da injin wuta nasa na kansa. Bai cika zuwa kasuwa ba. Ni nake kai masa nama ta ƙofar baya, tsoka zalla ta gadon baya, ba kitse ba jijiya. In ya gan ni yakan fito ya ba ni hannu, ya tambayi yara, wani lokaci ya miƙo musu alewa a gwangwani. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan faɗa a kansa. Ni dai in na fito daga gidan nan har tafiyata canzawa take yi.

Na biyun a kan tsohon keke ya zo mana wata safiya. Dogo ne, rana ta mayar da fuskarsa ja, gemunsa kamar na masara. Bai ko kalli naman da ke rataye ba, sai ya leƙa ƙarƙashin tebur inda muke tara kawunan tumaki, ya nuna ɗaya.

Na ce, "Nasara, na karenka ne?"

Da gurgun Larabcinsa ya ce, "Ba ni da kare. Ni zan ci."

Dattijon da teburinsa ke kusa da nawa, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa, ya ajiye wuƙa ya ɗaga murya. "Jama'a, ku zo ku gani! Yau ga Nasaran da talauci ya koro daga gida!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Shi ma ya yi dariya, duk da bai fahimci rabin maganar ba. Ya ɗauki kan ya bi hayaƙi har wurin masu babbaka, ya tsuguna a cikinsu, ya karɓi ƙarfe yana juya shi da kansa. Da ya gama ya dawo ya ce in raba masa shi biyu, daga goshi zuwa haɓa. Daga ranar duk mako sai ya zo, mu kuma muka sa masa suna Nasaran Kai.

A hankali na san shi. Daga Aisilan ya zo, wani tsibiri can ƙarshen arewacin duniya. Aikinsa koya wa masuntan Waliya shanya kifi a kan katako yadda tsutsa ba za ta shiga ba, kuma a cikinsu yake zaune, a ɗaki guda na haya. Ba kuku, ba mai wanki. Ya ce ubansa masunci ne, kakansa kuwa a gidan ƙasa mai rufin ciyawa ya girma. Ya ce a ƙasarsu kan tunkiya abincin kowa ne, minista ma yana ci, har ido da harshe. Ba wanda ya yarda. Ya ce da rani rana ba ta faɗuwa sosai, da hunturu kuma da kyar take leƙowa.

Dattijon ya ce, "To in azumi ya same ku da rani, yaushe za ku sha ruwa? Sai bayan sallah?"

Wata rana aka tambaye shi ina ofishin jakadansu yake a garin. Ya ce ba su da shi. Aka ce sojojinku fa? Ya ce ba su da soja ko ɗaya.

"Kai, Nasara, wannan ƙasa ce ko ƙauye?"

Ya ce, "Ƙauye ne, amma muna da tuta."

Sarkin Fawa yake kirana, ko da yake ban taɓa riƙe sarautar ba. Ranakun da ba ciniki nakan tsallaka gada in same shi a Waliya. Mu zauna a inuwar rumfar kifi, ya dafa kai da ruwa da gishiri kawai, ni in zo da yajina a takarda don ba zan iya cinsa lami ba. Yakan shafa man shanu a busasshen kifi ya miƙo mini. Yakan tambaye ni yadda ake gane lafiyayyar dabba, in tambaye shi yadda ake zama a ƙasar da ba itace. A gidan Ba'amurke ban taɓa wuce bakin kicin ba, a nan kuwa kwano ɗaya muke ci. Duk da haka a raina na riga na jera su: Ba'amurke a sama, Faransawa na bi masa, wannan bawan Allah a can ƙasa. Da irin naman da mutum ke saye nake auna shi, don da shi na saba auna mutanen gari. Na tuna ranar da motar Ba'amurke ta ratsa ta bakin kasuwa muna tsaye muna dariya da abokina, sai na ja baya na kama goge tebur, kada a gan ni da shi. Ina jin abokin nawa ya lura.

Da gari ya fara ɗaukar zafi, masu bindiga iri-iri suka cika tituna, ofishin Ba'amurke ya ce ya tattara ya tafi kafin abin ya ɓaci. Ya zo gidana da babbar mota, karo na farko da ya taka Ambasatna. Ya ce ya amince da ni, in ajiye masa kaya har ya dawo. Aka sauke kujeru masu laushi, da katifu, da akwatuna, da wani farin firji da ya fi ni tsawo. Maƙwabta suka fito kallo. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ne na yi wa kaina: na ga ɗana yana tuƙa motar ofis, na ga kaina da shagon nama mai gilashi. Ɗakin baƙi da ke kusa da zaure na cika da kayan, na sa kwaɗo. Gidana ko wutar lantarki babu. Matata ta ce, "Malam, wannan akwatin sanyi me zai sanyaya mana a nan?" Na ce ta yi shiru, ba ta san manyan abubuwa ba.

Ba a daɗe ba faɗan ya ɓarke. Da hantsi muka ji ƙarar farko daga wajen barikin soja, kafin azahar ta ko'ina ake yi. Kowa ya ja iyalinsa ciki. Da la'asar aka buga ƙofa. Na leƙa, sai ga Nasaran Kai riƙe da kekensa, rigarsa jiƙe da gumi. Ya shigo gari tun safe neman ƙusoshi, aka rufe gada a bayansa. Hanyar sansanin Faransawa, inda sauran Turawa ke taruwa, ita ma wuta ce. Kowace ƙasa ta aika mota ta kwashe nata, shi ba wanda ya zo nema.

Ya ce, "Sarkin Fawa, in zauna wurinka har abin ya lafa. Ko a ƙasa ne."

Na tsaya a bakin ƙofa, ban matsa ba. Na yi tunanin in masu bindiga suka ji akwai Bature a gidan za su shigo, in sun shigo za su ga ɗakin nan. Na yi tunanin fitar da katifun mutum tsakar gida, ƙura ta ɓata su. Abin da ban yi tunani ba shi ne zaurena, wanda ba komai a cikinsa sai buzu da buta.

Na ce, "Wallahi gidan a cike yake. 'Yan uwa sun zo. Ka gwada masallaci."

Ya dube ni, ya dubi kwaɗon da ke ƙofar ɗakin, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya tsare yara." Ya juya kekensa ya tafi.

Mahaifiyata tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta ce, "Waɗanne 'yan uwa ne suka zo ban gan su ba?"

Na ce, "Inna, amana aka ba ni."

Ta ce, "Amanar ƙarfe? Kakanka da ƙafa ya iso garin nan, hanyar Makka ta gagare shi, ko tabarma ba shi da ita. Wani Balarabe da bai san yarensa ba ya buɗe masa ƙofa, shi ya sa kake da gidan da kake rufewa yau. Da ɗayan ne ya zo, mai mota, da gadonka za ka ba shi. Fita ka kira shi."

Na fita. Gaskiya ban yi nisa ba. Na kai bakin layi, wani abu ya fashe a gaba, na dawo da gudu na ce mata ban gan shi ba. Ba ta ƙara yi mini maganar ba, kuma ta daɗe ba ta karɓi abinci daga hannuna ba.

Mun daure a gidan har hatsi ya ƙare, sannan muka bi jama'a zuwa bakin kogi, muka tsallaka zuwa Kusuri, garin da ke ƙetaren iyaka, a kwalekwale da abin da hannu zai iya ɗauka. Kayan Ba'amurke na bar su a kulle. Daga baya wani maƙwabci ya ce an fasa ɗakin, an ga firjin a kan amalanke. Mai kayan bai dawo ba, ban kuma ƙara jin labarinsa ba.

A Kusuri muka yi bukka da zana da buhu kamar kowa. Na koma yanka 'yar akuya ina kasawa a kan tire. A nan wani masunci na Waliya ya gane ni, ya ce, "Abokinka yana nan, ai ka sani?" Shi ya ba ni labari. Bayan abokina ya bar ƙofata ya fake a wani shagon da aka fasa. Washegari ya nufi kogi, ɓarɓashin bam ya same shi a gwiwa. Da jan ciki ya kai bakin ruwa, masu jirgi suka gane shi suka tsallakar da shi. An yi masa aiki, amma ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Na gan shi sau da yawa bayan haka, daga nesa. Yana dogara sanda, yana taya masunta kafa katakon shanya a bakin ruwa. Duk sanda na hango gemun nan sai in canza hanya. In ce gobe. Na shirya maganganu iri-iri a raina, kowacce da ɗan uzuri a ciki: tsoro ne, yara ne, ruɗewa ce. Haka damina ta shigo ta wuce.

Wata safiya masuncin ya ce mini an samo wa abokina mota zuwa kudu, daga can zai hau jirgi ya koma gida. Na bar tiren nama a hannun matata na tafi. Na same shi zaune a kan kifaffen kwalekwale, ƙafar a miƙe, yana ɗaure jaka. Ya rame ƙwarai. Da ya gan ni ya ɗaga hannu.

"Sarkin Fawa! Kana da rai? Inna fa? Yara duk sun tsallako?"

Na ce duk lafiya. Ya matsa ya ba ni wuri a kusa da shi, ban zauna ba. Na cire hulata na tsuguna a gabansa, masunta suka bar aiki suna kallo. Uzurorin da na tanada ban taɓa ko ɗaya ba.

Na ce, "Ranar nan ƙarya na yi maka. Ba wasu 'yan uwa da suka zo. Kayan wancan mutumin ne a ɗakin, kuma zaurena babu kowa. Na ga shi mai arziki ne, kai kuma na ɗauke ka talaka, sai na zaɓi kujerunsa na bar ka a titi. Na ci abinci a kwanonka, na rantse da Allah a kan ƙarya ina kallon idonka. Wannan ƙafar ni na jawo maka ita. Ba ni da abin da zan gyara ta da shi. Don Allah ka yafe mini."