Tsagar da Baffa Ya Bari a Zaure

Jiya mai yaɓen siminti ya nuna tsagar da ke bangon zaurenmu a Malumfashi, ya ce, "Alhaji, in toshe ta?" Na ce kada ya kuskura.

Baffana, wanda magini ne, shi ya gina zauren shekarar da na yi aure, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ya zane bangon yamma, ya shafe shi da farar ƙasa da shuni, kowa yana yabawa. Sai ya hau tsani da 'yar diga, ya yi siririyar tsaga a bangon gabas har waje. Ƙasar da ta zubo da sauran danshinta, tana ƙamshin ruwan farko.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baffa, ka ɓata aikinka da hannunka."

Ya ce, "Ɗana, zane ba ya ƙarewa sai rana ta sa hannu."

Washegari da hantsi muna zaune a tabarma, haske ya shigo ta tsagar ya faɗa kan zanen, yana gangarowa a hankali, shunin yana sheƙi.

'Ya'yana sun ce ruwa na shigowa da damina. To, ya shigo mana. Muddin ina numfashi, ni zan riƙa sharewa.

Allah Ya buɗe wa Baffa irin wannan tsaga a kabarinsa, haske ya riƙa sauka kullum.