Matakai Biyun da Baba Sha'aban Ya Bar Mini

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan sallar asuba, Allah ya karɓi ran Malam Sha'aban Tela a gidansa da ke unguwar Levenshulme a birnin Manchester, yana da shekara saba'in da ɗaya. Wanda ya ba mu aronsa shi ya karɓi abinsa, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu.

Sunana Bara'u. Ni ne na zauna wata takwas a ɗakin baya na gidansa lokacin da na iso ƙasar nan. Karatuna bai yi nisa ba, kwana huɗu na yi ina rubuta wannan a waya ina gogewa, don haka masu ilimi su yi mini uzuri.

Baba, da safiyar ranar Yaya Widad, babbar 'yarka, ta kira ni daga unguwar Ladywood a Birmingham, garin da nake aiki, ta ce in fito bakin titi ta ɗauke ni. Daga Birmingham har Manchester ba mu yi magana ta kirki ba. Tana tuƙi tana share ido da bayan hannu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba rasuwarka kaɗai ce a zuciyata ba. Tunanina yana kan matakalar benen gidanka. Na san jama'a za su cika gidan, na kuma san yadda na bar ta mako bakwai da suka wuce: tsirara, ba kafet, tsohon katako duk ƙura, ga ƙusoshi a tsaye a bakin kowane mataki.

Irin gidajen nan, kana buɗe ƙofa matakala ce ke kallonka. Na buɗe. Sai na ga katakon itacen oak shimfiɗe lafiya lau tun daga ƙasa har kusa da sama, an goge shi yana ɗaukar hasken taga. Na ƙirga da ido. Goma sha ɗaya an gama, biyu na can sama ne kawai suka rage. Uku na ƙasa ne nawa.

Wajen sha ɗaya, bayan likita ya gama nasa, mutum huɗu daga masallaci suka sauko da kai a lulluɓe. Matakalar ƙunci gare ta, a hankali suke takawa. Ba matakin da ya yi motsi ko ƙara, har sai da suka zo na uku daga ƙasa, ya yi wani ɗan kuka. Kowa ya ji. Ni kaɗai na san hannun wa ya kafa shi.

Da rana ana zaman gaisuwa, Alhaji Habu na Whalley Range ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Kun ga aikin Bara'u? Marigayi kullum sai ya yi zancensa. In an kwana biyu sai ka zo ka yi mini nawa." Aka yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya yarda, Alhaji." Abin da na ce ke nan, Baba, ko binne ka ba a yi ba. Wannan amsar ce ta hana ni sakat, ita ce kuma ta sa na zauna rubutun nan.

Waɗanda suka san shagonka na gyaran ɗinki a Stockport Road ba sa bukatar in gaya musu ko kai wane ne. Ɗalibai nawa suka shigo da wandon da ya yi musu tsawo ana gobe za su je interview, ka rage shi suna tsaye, ka kore su da cewa su je su dawo da labari mai daɗi? Rigar sanyina ta farko a charity shop, shagon gwanjo, na saye ta, hannunta ya wuce yatsuna. Na rataye ta na shiga sallar la'asar, kafin in sallame ka rage hannuwan ka mayar da ita inda take. Sai da na saka na ji ta zauna, na juyo, na tarar kana ta faman zura zare a allura kamar ba kai ba.

Takardun council, wato hukumar gari, da na GP, likitan unguwa, kuwa, ka gane tun satin farko cewa ba na iya karanta su. Ba ka taɓa tambayata ba. Sai dai ka ce in kawo ka gwada sabon tabaranka, ka karanta da ƙarfi, kana bin layi da yatsa a hankali yadda idona zai bi. Tabarau ɗaya ka yi ta gwadawa har wata takwas. Abin da na iya rubutawa yau, rabinsa daga yatsan nan na koya.

Maganar matakala ta taso ne saboda Inna Raki, matarka. Ciwon asma ya matsa mata, GP ya ce tsohon kafet ɗin gidan yana cikin abin da ke tayar mata, a cire shi in da hali. Ka sayi katakon da za a shimfiɗa a matakan a madadinsa, kana neman wanda zai yi aikin, ni kuma na zo hutun ƙarshen Agusta daga warehouse, rumbun ajiyar kayan da nake aiki a Birmingham. Na ce ba wanda za a kira ina raye. Na kalli bidiyo sun fi ashirin a waya, na ce kwana biyu sun ishe ni. Ka yi dariya ka ce to, Injiniya ya iso. Tun daga ranar ba ka sake kirana da wani suna ba.

Ranar Asabar na yaye kafet ɗin duka cikin awa ɗaya, ina ta jin kaina. Na auna matakin farko, na fita filin bayan gidan da zarton Mista Davou, maƙwabcinku mutumin Jos mai tuƙa bas. Ka biyo ni da kofin shayi a hannu, ka tsaya kana kallo. Ka ce, "Injiniya, auna kowanne da kansa. Shekara hamsin ina awon mutane, ban taɓa samun wanda ƙafafunsa biyu suka zo daidai ba. Gidan nan ya girme ni." Na ce maka katako ba yadi ba ne, Baba. Wallahi haka na ce. Ka kurɓi shayinka ka koma ciki. Na yanka katako goma sha uku a awo ɗaya.

Na farko ya zauna. Na biyu ya zauna. Na uku sai da na danna shi da gwiwa. Da na ɗora na huɗu, sai ga rami tsakaninsa da bango, yatsana ya shiga har ya yi wasa. Na gwada na biyar, ramin ya fi haka. Ashe bangon yana buɗewa ne kaɗan-kaɗan yana hawa, ido ba ya gani. Na zauna a wurin ina kallon katakon da ka saya don ƙirjin Inna, na gajarta shi gaba ɗaya da hannuna.

Da na sauko na same ka na faɗa maka, da magana ta ƙare a ranar. Ban yi ba. Na jingina katakon a bango, na ce an kira ni aikin gaggawa, zan dawo sati mai zuwa. Ko ƙusoshin kafet ɗin ban cire ba. Na hau mota na koma Birmingham.

Saƙon murya tara ka aiko mini cikin makonnin nan. Suna nan a wayata. Na saurari kowanne, ban amsa ko ɗaya ba. Kana tambaya ko ina cin abinci mai zafi, ko rigar sanyin tana nan, ko in kawo ta a canza mata zif kafin hunturu. Sau ɗaya tak ka taɓo maganar, ka ce, "Katakonka yana gaishe ka, Injiniya, ya ce ba ya sauri." Na ji, na kife wayar.

Washegarin jana'iza, da mutane suka ragu, Inna ta kira ni. Ban iya kallon fuskarta ba, sai ƙafarta nake kallo, a nan na ga tabo a gefen diddigenta. Ta ga na gani. Ta ce ƙusa ce, tun satin farko, ya warke. Ta ce ranar da abin ya faru ka ɗauki filaya ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya kana zare ƙusoshin, a zaune, don gwiwarka ba ta yarda da durƙuso.

Sai ta buɗe ɗan kabad ɗin da ke ƙarƙashin matakala. Kwalaye ne a jere, na cornflakes da na madara, an buɗe su an haɗa da salatif, an yanke kowanne da almakashinka daidai surar mataki ɗaya, har da karkatar bango. Kowanne da lambarsa da allin tela. Yadda kake yanka takardar riga kafin ka taɓa yadi, haka ka yi wa matakalar. Ba ka sayi sabon katako ba. Ka bi waɗanda na lalata kana gwada kowanne a kan kwali har ka samo inda ya fi dacewa, ka sa Mista Davou ya yanko 'yan siraran ƙari daga ragowar, kuka haɗa da gam ta gefen bango inda inuwa take. Na durƙusa na nemi mahaɗin a mataki na shida, sai da na sa farce kafin na same shi.

Mataki ɗaya yakan ci muku kwana huɗu ko biyar. Ka yi kaɗan ka huta, ka jingina da bango kana maida numfashi. Likita ya riga ya gaya maka ka rage wahala saboda zuciyarka. Na tambayi Inna ko aikin nan ne ya ƙarasa ka. Ta ce kar in sake faɗin haka, kwana ne ya ƙare, kuma rabon da ta ga kana ɗokin wayewar gari irin na makonnin nan tun kafin ka rufe shago. Na karɓi maganarta don ita ce babba. Amma ban sani ba, Baba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Kwali biyu na ƙarshe daban suke, an ɗaure su da ƙyalle. Sha biyu da sha uku. A jikinsu ka rubuta, "Na Injiniya." Inna ta ce kwana goma kafin rasuwarka ka gama na sha ɗaya, Mista Davou ya ce ku ƙarasa, ka ƙi. Ka ce masa, "Ina gaya wa mutane aikin Bara'u ne. Shi ya fara, in ya zo ya rufe, ka ga ban yi ƙarya ba."

Ranar sadakar bakwai da safe na ɗora su. Ban amince da idona ba, ban amince da tef ba, kwalinka na bi. Sun zauna ba tare da na danna ba. Na so in ɓalle na ukun nan mai kuka in gyara, Inna ta hana. Ta ce ka taɓa cewa a bar shi, da shi ake sanin wani ya shigo gida. Tarinta ya yi sauƙi sosai, jiya ta hau har sama ba ta tsaya a hanya ba.

Alhaji Habu, ka yi haƙuri. Albarkar da aka sa mini a gabanka ba tawa ba ce, ina roƙon duk wanda ya sa ta ya mayar wa mai ita. Cikin matakai goma sha uku biyar ne nawa, biyu daga ciki ma da awonsa na yi su, ɗaya kuma yana kuka.

Ya Allah, bawanka Sha'aban ya rufa mini asiri ina gudunsa, ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka ɗaga darajarsa da yawan ɗinkin da ya yi wa bayinka bai karɓi komai ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Raki, da Yaya Widad da ƙannenta Abdurrahman da Murja, da jikokinsa, da 'yan uwansa na Fagge, da duk jama'armu ta Manchester da Birmingham. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Inna ta ce ta yafe mini tabon ƙafarta. Kai ne ban samu na roƙa ba, Baba.

Wanda yake shakkar abin da na faɗa, ba ni kaɗai na sani ba. Inna Raki tana nan, ita ke miƙa masa gam da tsumma. Mista Davou yana nan, shi ya riƙe zarto a ranakun hutunsa. Chloe, maƙwabciyarsu ta ɗaya bangon, ta ce kullum ƙarfe goma in ta dawo daga kai yara makaranta takan ji bugun gudumarsa, sau uku ko huɗu, sai shiru mai tsawo, sannan ya sake. Kwalayen kuma suna nan a kabad, da rubutun hannunsa.