Yayana Mai Numfashi a Bayan Bango

Barci ya riga matar Yayana aurensa. Ya yi ɗinki, aka riƙa samunsa kife a kan keke. Ya yi gadi, ɓarayi ne suka tashe shi suna tambayar makulli. Gyangyaɗi muke kiransa a gida, har 'ya'yansa in ya ba da baya.

Kwatsam sai ga aiki daidai wuyansa. Wasu injiniyoyi ne ke gyara na'urar da ke hango numfashin mutum ta cikin bango, irin wadda ake neman masu rai da ita idan gini ya rufta. Hoton da take bayarwa dishi-dishi ne, su kuma so suke ya fito tar. Mutum ɗaya suke nema, ya kwanta bayan bangon bulo, kada ya motsa, ya yi ta numfashi.

"Ƙanwata," ya ce min, "ashe ba lalaci ba ne. Sana'ata ce ba a ƙirƙiro da wuri ba."

Har guga yake yi wa riga don zuwa kwanciya. Na yi dariya, amma wallahi na ji daɗi, don ban taɓa ganin yana tafiya da kai a sama ba.

A fuskar kwamfuta yakan fito kamar ɗigon haske, yana kumbura yana sacewa. Matsalar ita ce ɗigon yakan ɓace ɓat, can kuma ya dawo. Suka canza wayoyi, suka tace hoto, suka sake lissafi. Hoton na ƙara kyau, ɓacewar Yaya na ƙara fitowa fili.

Shugabar aikin ta kira shi. "Malam, in sulalewa kake yi shan shayi, faɗa mana. Masu son kwanciyar nan suna da yawa."

"Ranki ya daɗe, ni da tashi? Tambayi duk wanda ya san ni."

Ranar ko abinci bai iya ci ba. Washegari shugabar ta ɗauki kujera ta zauna a kansa. Ya ja minshari, sai ɗif, ƙirji ya tsaya. Sai da hankalinta ya tashi sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Na'ura ba ta yi ƙarya ba.

Da kanta ta kai shi asibiti. Likita ya ce maƙogwaronsa ke toshewa in ya yi barci, shi ya sa bai taɓa ƙoshi da shi ba. Aka ba shi abin hura iska yana kwana da shi a hanci.

Nan aiki ya lalace. Yaya ya koma bayan bango ido biyu, yana susa, yana juyi, yana ƙwala musu kira, "Kuna ganina kuwa?" Suka sallame shi da godiya.

Na je yi masa jaje da sassafe, na tarar ya share tsakar gida, ya fito da tsohon keken ɗinkinsa yana zuba masa mai. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa garau.

"Ƙanwata, dama haka kuke tashi kullum, ba wanda ya gaya min?"